Randar da Aka Yi wa Kwalliya

To, Malam Barau, tunda na ji ka ce za ka sa hannu a aikin da yaronka zai kai makaranta, gyara zama ka ji wani misali tukuna.

An yi wani mai fentin motoci, gwani na gaske, in ya fesa wa tsohuwar akwala fenti sai ka rantse yau aka sauke ta daga jirgi. Yana da 'ya a sakandare. Da aka sanar za a yi baje kolin kimiyya da fasaha, kuma wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci makarantar a gasar jiha, yarinya ta ƙwallafa rai, ba ta da zance sai wannan. Abin da ta haɗa kuwa firji ne marar lantarki. Ta sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babbar randa, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa shi da ruwa, ta rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ta gwada a gida, tumatir ya yi kwana da kwanaki garau, har uwarta ta fara ajiye alayyahonta a ciki. Uban dai abin ya ɗaure masa kai. Ya leƙa, ya zagaya, ya nemi wayar lantarki bai gani ba, ya nemi batir babu, ga shi kuma in ya zura hannu sai ya ji sanyi. Ya girgiza kai ya ce ikon Allah, ya tafi garejinsa.

Rigimar ta soma ne ranar da ya leƙa makarantar ya ga kayan 'ya'yan mutane: wannan ya yi gidan kwali mai fitilu ja da kore, wancan ya yi mota mai tafiya da kanta. Ya dawo gida ya dubi randar 'yarsa, ga ta nan jajir, jikinta duk naso, kamar wadda aka ɗauko daga madafin ƙauye. Wallahi kunya ta kama shi. A ce 'yar mai fenti guda ce za ta shiga taro da wannan abu? Bai shawarci kowa ba. Yarinya tana islamiyya ya juye yashin, ya ɗora randa a babur sai gareji. Ya shanya ta, ya goge ta, ya fesa mata shuɗin fenti, ya bi da mai sa ƙyalli, ya rubuta sunan 'yarsa da ruwan gwal. Ita ma da ta gani sai da ta yi tsalle, don gaskiya randar ta yi kyau. Aka mayar da yashi, aka kai makaranta, aka zuba tumatir a ciki, aka ajiye wani a faranti a waje don a gwada bambanci. Kullum da safe yarinya takan je ta duba yashin, sai ta tarar yana nan sharkaf bai sha ruwa ba. Ta yi mamaki, amma ta ɗauka alheri ne.

Ranar baje koli mutane suka yanyame randa, uban yana gefe da babbar riga, baki har kunne. Alƙalai suka iso, yarinya ta yi bayaninta tiryan-tiryan, ta ɗaga tsumma. Subhanallahi! Wari ne ya fara yi musu sallama. Tumatir ya ruɓe ya zama ruwa, na farantin kuwa yamushewa kawai ya yi. Yarinya ta daskare. Uban ya rasa ta inda zai kama. Ya ce mai tumatir ne ya cuce su, aka nuna masa na faranti, ai kwando ɗaya ne. Ya ce to ruwan makarantar ne. Ya ce a'a, yashin ne. Can ya fara waige-waige yana zargin bakin mutane, har ya tofa addu'a a kan randar. Da ya ga wata malama cikin alƙalan tana shafa jikinta, sai ya zaci yoyo take nema, ya matso da sauri don ya kare aikinsa.

"Hajiya, ta nan kam babu matsala," in ji shi. "Fentin mota ne, shafi kan shafi na yi. Ko ɗigon ruwa ba zai ratsa shi ba."

Yarinyar ce ta ɗora tafin hannunta a jikin randar, ta ji shi a bushe ƙamas, da ɗumi. Ta daɗe a haka, sannan ta ce a hankali, "Baba, ai da nason nan take yin sanyi. In iska ta busar da shi, sai ya tafi da zafin."

Alƙalai suka wuce teburi na gaba, wani yaro daban aka tura gasar jiha. Mai fenti ya tsaya sororo. Shi da ya tsufa ana yaba masa don yana hana ruwa ratsa abu, yau a ce masa ratsawar ce aikin? Yarinya ba ta yi kuka a gabansa ba, ta sunkuya tana kwashe ruɓaɓɓen tumatir da hannunta, wannan kuwa ya fi kukan yi masa ciwo.

Saboda haka, Malam Barau, kafin ka taɓa aikin yaron nan, tambaye shi yadda yake aiki, in ba ka gane ba ka bar masa abinsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin gyaran gira akan rasa ido.