Injin da Gwamnati Ta Ba Gado

Kwana shida ke nan tattasan Gado bai ga ruwan kirki ba. Ganye ya fara lanƙwashewa, fure na zuba. Rijiyar garkarsa a Jiratawa cike take, amma injin da ke jawo ruwan an wayi gari babu shi.

Tsohon inji ne, wanda ɓarawo mai hankali ba zai yi wa kallo biyu ba. Tankinsa ya taɓa hujewa, wani mai walda a Zariya ya liƙe shi da murfin gwangwanin tumatir. Ga taurin kai kamar jaki, ba ya tashi sai an karkata shi hagu an dungure shi da diddige. Duk da haka shekara tara shi ke ciyar da gidan.

Wanda ya fara zuwa jaje shi ne Idirisa, shugaban koferatif, wato ƙungiyar manoman. Ya ce tun da aka karya darajar sefa mutane suka daina tsoron Allah. Ya dafa kafaɗar Gado.

"Baba Gado, kwantar da hankalinka. Gwamnati ta turo tallafi ga ƙananan manoma, ran buɗe sabuwar kasuwar kayan lambu a Maraɗi za a raba. Ni da kaina zan sa sunanka."

Da ya tafi, Atika matar Gado ta yi ta mita tana kankare wani koren tabo a kafaɗar rigar Gado, inda Idirisa ya dafa.

Ashe sa sunan ma da sharaɗi. Zamanin jam'iyyu ne, kowa da tutarsa. Sai da Gado ya karɓi katin jam'iyya, shi da ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Aka kuma ce ya kawo kwando biyu na tattasai a cika rumfuna, baƙin Yamai su ga albarka. Ya tsinke ɗan abin da shi da Atika suka raya da guga, har da ɗanye. Zuciyarsa na tafasa, amma da babu gara ba daɗi.

Ranar, tun hantsi aka jera manoma a rana, har da waɗanda aka kwaso daga Tsibiri. Baƙin ba su iso ba sai bayan azahar. Suka zauna a inuwa suna kurɓar lemo, aka yi ta jawabi da Faransanci ga mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya. Gado na kallo aka loda kwandunansa a bayan motocin baƙin. Tir, cin fuska dai ba ya wuce wannan.

Daga ƙarshe aka yaye ƙyallen da aka lulluɓe tallafin da shi. Inji guda ne tak, kore shar, sai ƙyalli yake. Aka kira sunan Gado, aka miƙa masa lasifika, Idirisa na raɗa masa abin da zai ce. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa jam'iyya, ya gode wa shugaban koferatif mai tausayin talaka. Hawaye ma ya zubo masa, don tattasansa ya tsira.

Sai babban baƙon ya ce a tayar da injin, masu talabijin su ɗauka. Direbansa ya ja igiya, shiru. Idirisa ya ja har gumi ya jiƙa babbar rigarsa, shiru. Aka fara ƙus-ƙus.

Kunya ta kama Gado a madadinsu. Ya matso, ƙafarsa ta yi abin da ta saba tun kafin ya yi tunani, ya fizgi igiya. Inji ya ɗauka, wuri ya kaure da tafi da guɗa. Idirisa kaɗai ke kallon ƙasa.

Gado ya durƙusa ya tura hannu ƙarƙashin tankin. Fentin bai ma gama bushewa ba, yatsansa ya sauka daidai kan murfin gwangwanin tumatir.