Ƙofar da Alhaji Badamasi Ya Kulle

Tun makon da aka rantsar da gwamnatin farar hula Amiru yake kulle a ɗakin da ke bayan zauren gidansu, a Ƙofar 'Yandaka. Mahaifinsa, Alhaji Badamasi, shi ya garƙame kwaɗon da hannunsa.

A wurin kamfen yaron ya koyo ƙwaya. Yana bin motocin 'yan siyasa ƙauye-ƙauye tare da wasu samari, da safe a raba masu ta sa kuzari, da yamma ta sa barci. Aka gama zaɓe, kowa ya kama gabansa, ta barcin ta ƙi sakin Amiru. Har ta kai in bai sha ba, ba ya rintsawa.

A ganin Alhaji maganin mai sauƙi ne: a raba shi da ita, jiki ya manta. Gidan da kakan yaron ya yi alƙalanci, ba za a ga jika a layin masu taɓin hankali ba.

Matarsa, Hajiya Fatsuma, ta fito daga kai wa yaron abinci, idonta jawur.

"Alhaji, hannunshi rawa yake. Ko ƙoƙon ruwa bai iya riƙewa. A kai shi asibiti mana."

"Asibitin da kowa ya san ni? Kafin a yankar mashi kati labari ya kai har unguwar Gobarau. Shaƙiyanci ne ke fita daga jikinshi. Ki bar shi."

A ranar ne wasu ma'aikatan lafiya biyu, mace da namiji, suka yi sallama. Gida-gida suke bi. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, macen ta ce, "Alhaji, ba sunan kowa muke nema ba. So muke mu san abin da samarin unguwa ke sha, da inda iyaye ke kai su in abin ya ɓaci, don a san irin taimakon da ya kamata a tanada."

"Gidan nan babu irin wannan, ɗiyata. Ku gwada gaba."

Sai aka ji bugu daga bayan bango. Aka sake bugawa. Baƙin suka dubi juna.

"Rago ne na turke," in ji Alhaji.

Da za su fita, macen ta ce, "In ka ji mai irin wannan yaro, a faɗa mashi kada ya yanke mashi ƙwayar barci lokaci guda. Likita ke rage ta a hankali. In ba haka ba tana kawo jijjiga, har ta yi kisa."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya shafa aljihun da makullin yake, ya leƙa waje, ya ga dattawan unguwa zaune a dakali. Ya koma ya zauna.

Washegari bayan azahar Hajiya ta karɓi makulli don kai abinci, ta iske Amiru a ƙasa, jiki a sandare, baki na kumfa. Yanzu kam dole aka kai shi asibiti.

Likita ya tambaya, "Akwai wani abu da yake sha?"

A gadon da ke kusa, wani abokin kasuwar Alhaji ne ke jinyar ƙanensa, kunnensa a buɗe.

"Babu," in ji Alhaji. "Zazzaɓi ne."

Aka shiga neman zazzaɓi. Jijjiga ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo. Kafin Hajiya ta ja wata nas gefe ta faɗa mata gaskiya, lokaci ya ƙure. Amiru bai kai magariba ba.

A zaman makoki, maƙwabcinsa Malam Dabo ya matso kan tabarma, ya rage murya.

"Allah shi jiƙan shi, Alhaji. Wallahi ni ma nawa, Isah, ƙwayar nan ta kama shi. Ban faɗa ma kowa ba sai kai. Na kulle shi a ɗaki tun shekaranjiya. Ai za ta sake shi, ko?"

Alhaji ya buɗe baki. Ya dubi zauren, cike da mutanen da suka san ubansa da kakansa.

"Allah shi ba shi lafiya," ya ce.

Malam Dabo ya shafa addu'ar, ya tashi, ya tafi gida hankalinsa kwance.

Mai karatu, shaye-shaye ciwo ne, kuma kwaɗo ba ya warkar da shi. Wanda ya ɓoye wa likita da mai bincike gaskiya don kare sunan gida, ɗansa ya hana magani, ya hana ɗan maƙwabcinsa.