Dodon Darakta

Darakta yana kwance a kan benci, da bututun shan lemo guda biyu a hancinsa, amma bakin bai mutu ba.

"Ki bi a hankali, Gwaggo. Fuskar nan da ita nake cin abinci."

"To rufe inda abincin ke shiga," in ji Gwaggo Mai-yumɓu, tana dama farin garin filasta a kwano, irin wanda ake ɗaurin karaya da shi.

Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da shagonsa na gina gumaka da fuskokin wasa. Ba ta neman ciniki, ba ta kuma rage sisi. Darakta bai so zuwa wurinta ba, dole ce ta kawo shi. Bara ya sayo fuskar dodo a kasuwa don wasan kwaikwayonsa, yana fitowa dandali wata mata ta ce, "Laa, ga bunsuru!" Zaure ya kwashe da dariya. Mai zauren ya rantse, in aka sake yi wa dodo dariya, to ƙungiyar wasansu ta nemi gindin bishiya. Kuma shi Darakta ne ke fitowa a dodon, don a ganinsa duk ƙungiyar babu mai murya sai shi.

Aikin yana da ƙa'ida. Sai an ɗauki siffar fuskar wanda zai saka, a zuba ta ta zama kai na filasta. A kan wannan ake ɗora yumɓu a gina ƙaho da haƙora, a sake lulluɓewa da filasta, a fasa, a zuba ruwan roba a ciki.

Ta shafe masa gira da basilin, sannan ta ambata masa cewa fenti ba ya cikin cinikin da suka yi.

"Ke! Ni za ki..."

Ta lafta masa filasta. Sauran maganar a ciki ta daskare. Filasta in zai kama zafi yake ɗauka, Darakta ya yi ta gurnani yana dukan benci, Gwaggo kuwa tana yanke farcenta. Da ta ɓanɓare, rabin gashin-bakinsa ya bi ƙoƙon filastar. Ya fita ko waige bai yi ba.

Dodon farko ya ci mata kwanaki. Ƙahoni murɗaɗɗu, haƙora kamar na alade. Darakta ya zagaya shi, hannuwa a baya.

"Wannan ai sa ne mai ciwon haƙori."

Ta rushe ta sake. Na biyu da ɓawon kifi a kumatu da ido a tsakiyar goshi, har yatsunta suka tsattsage wajen gyara shi. A ranar tela da mai gyaran rediyo, maƙwabtanta, suna zaune a bakin shagon. Darakta ya ɗaga fuskar da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mushe.

"Ku duba mini. Kifi aka ce ki soya? Allah ya jiƙan marigayi, shi ne mai hannu. Gwaggo, kin gaji shago amma ba ki gaji sana'a ba. Wani aikin sai maza."

Tela ya sunkuyar da kai. Gwaggo, wadda kan cinikin albasa sai ta tara kasuwa, ta tsura wa fuskarsa ido. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ka dawo jibi."

Da ya dawo ya tarar da shago a share, buhun yumɓu a ɗaure a lungu, ita kuma tana zaune da wankakkun hannuwa. Ta yaye ƙyalle daga kan tebur.

Darakta ya ja da baya har ya taka kwano.

Babu ƙaho, babu haƙoran alade. Fuska ce kawai ruwan toka. Goshin ya tattare kamar tsumman da aka matse, ƙofofin hanci sun buɗe kamar bakin murhu, leɓen ƙasa ya zazzago ya karkace gefe. Mugunta da raini sun taru a wuri guda, kai ka ce yanzu za ta zage ka.

"Subhanallahi! A ina kika ga wannan abu?"

"Ai Allah da halitta yake."

"Yauwa, wannan shi ne dodo! Dubi baki don Allah. Wannan ko uwar da ta haife shi sai dai ta yi haƙuri." Ya gwada, ta zauna masa cif kamar da ita aka haife shi. "Kin gani? Mace sai an matsa mata take aiki."

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin ya kai dandali yana so ya ji ihu da kunnensa. Ga matarsa kuwa, ƙadangare ma in ya shigo ɗaki a kan kujera ake samunta. In ita ta suma, zaure ya tabbata nasa.

Ya riga ta isa gida. Ya jera filo a kan doguwar kujerar falo, ya lulluɓe da bargo, ya kafa fuskar a sama tana kallon ƙofa. Ya laɓe bayan labule yana danne dariya.

Ta shigo da kwandon cefane. Ta tsaya. Ta dubi abin da ke kan kujera ido cikin ido, ta yi ajiyar zuciya, ta sauke kwandon a hankali.

"Sannu da hutawa, Maigida. Yau kuma wa ya taɓo ka, har da shafa toka a fuska?"