Kwalba Uku Daga Tanki Ɗaya

Jami'ar duba inganci ta zura doguwar roba cikin tankin fenti, ta ɗebi na sama, ta ɗebi na tsakiya, ta ɗebi na can ƙasa, kowanne a kwalbarsa. Mai masana'antar yana tsaye a bayanta yana kaɗa makullin mota. Kallo ɗaya ya yi mata da ta shigo ya kau da kai, ko kujera bai ce a ba ta ba.

"Ranki ya daɗe, wahalar da kanki kawai kike yi," in ji shi. "Komai nawa bai ɗaya ne. Ma'aikatana duk dangina ne. Ko 'ya'yana, in kin ga ɗaya kin ga sauran."

Ta gyara baƙin tabaraunta, ta koma inuwa, ta jera kwalaben a kan tebur. Na sama ruwa-ruwa, na tsakiya ba laifi, na ƙasa kuwa ya yi kauri kamar taɓo. Ta ɗiga wa na ƙasan maganin gwaji, nan take ya rine. Dalma ce, mai lalata ƙwaƙwalwar yara, ga shi makarantu goma sha biyu aka shafe da fentin nan.

Ta nemi littafin gwajin kullum. Ta kawo shi dab da idonta tana bin layi da yatsa. Shekara uku lamba ɗaya, ranar zafi da ranar sanyi, har makon da injin ya lalace.

"Fentinka bai haɗu ba," ta ce. "Littafin nan kuma a zaune aka cike shi."

Bai san sau biyu ta nemi a ba ta wannan aikin ba, har hutunta ta fasa dominsa. Ya sallami ma'aikata, ya matso, ya sassauta murya.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Ina da iyali."

Ta gama rubutunta a tsanake, ta buga hatimi, ta sa aka garƙame ƙofar da kwaɗo. Sannan ta cire tabarau ta dube shi ido cikin ido.

"Yau kuma na zama 'yarka? Shekara ashirin da takwas ke nan da ka kori Ummata da ni a goye, ka ce a zuri'arka ba a haihuwar zabiya."