Ƙugiya Mai Jan Gashin Aku

"Ƙara shiga ciki," in ji Dona Zuleide.

Jurandir ya tura kwalekwalen cikin wani siririn reshe na kogin Negro. Rabonsa da wurin nan shekara uku. A nan ne gardama ta haɗa shi da abokin sana'arsa Nilton, ya hankaɗa Nilton ɗin cikin ruwa ana tsakiyar ambaliya, ya koma gari yana kuka wai tsautsayi ne ya kashe shi. Yau ga yayar Nilton ɗin ta sa ya kawo ta kamun kifin tukunare, kuma ita ke nuna hanya.

"Dona, nan fa babu kifi, sai kadoji."

"Ƙato da kai kana jin tsoro? Tuƙa mu je."

Ta buɗe ɗan gwangwani ta ciro ƙugiya mai jan gashin aku, an naɗe wuyanta da koren zare, ƙulli uku. Jurandir ya ƙura wa ɗaurin ido. Duk faɗin kogin mutum ɗaya ne yake irin wannan ɗauri.

Ta kaɗa sandar fatsa, igiyar ta yi lilo a iska, ƙugiyar ta sauka gindin wani kututture. Ko kallon ruwan ba ta yi ba.

"Cikin kayan marigayi kika samo ta?" ya tambaya.

"Wane marigayi?" ta ce. "Shekaranjiya ya ɗaura mini ita."

A bayansu, daidai mashigar reshen, Jurandir ya ji wani filafili yana yanka ruwa a hankali.