Giyar Kazimir Ta Ƙi Yin Shiru

Kazimir ya mutu ya bar giyarsa ta ƙarshe a tulun gilashi, can ɗakin ƙasa, tana tsimuwa. Gidan kuwa Leon ya gada, ɗansa na wajen matar fari, wanda Bronia, matar Kazimir ta biyu, ta yi rainonsa tun yana rarrafe.

Ƙasar kabari ba ta bushe ba Darlene, matar Leon, ta kawo zancen sayar da gida. Bronia ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ciniki ta yi, yadda ta saba yi da mahauta. Ta ce za ta tashi, amma sai ranar da giyar mijinta ta shiga kwalba. Darlene ta yi dariya ta yarda. Leon ya sunkuyar da kai, dama a gaban matarsa ba ya da baki.

Kowa a garin ya san ƙa'ida. Muddin ɗan bututun da ke bakin tulu yana fitar da kumfa, giya na numfashi, kuma mai numfashi ba a toshe mata baki a kwalba.

Ganye ya zube, ƙanƙara ta rufe titi, kumfa bai tsaya ba.

Darlene ta ce tsohuwa ce ke zuba sukari don yis ya samu abin ci. Bronia ta dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, ni ban taɓa magudi a ciniki ba. Ki tambayi wanda ya ɗauko ki."

Aka sa wa ɗakin ƙasa kwaɗo, Leon ya riƙe mabuɗi. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya biyo ya sauka ya duba, ya hau yana girgiza kai, ya sha kofi a tsaye. Bronia ta ɗaure kayanta tun tuni, tana zaune a kansu tana jira.

Da Leon ya tafi doguwar tafiya da babbar motarsa, Darlene ta lalubo mabuɗin a gidansu ta zo da shi. Bronia ta tare ta a matakala ta ce giyar ba ta gama ba. Darlene ta ce ta gaji da wayon tsofaffi, ta ture ta. Ta ɗura giyar duka a kwalabe, ta buga murafe, ta kwashe zuwa gidanta ta jera a akwati kusa da murhu.

Ranar Lahadi da hantsi tana sunkuye a kan akwatin, kwalba ɗaya ta fashe, sauran suka bi. Likita ya ceci ido ɗaya.

Yayyen Darlene ba su jira bincike ba. Suka ce giya ba ta yin haka sai an ɗura mata sukari da gangan, suka fitar da kayan Bronia kan ƙanƙara. Leon ya iso yana tsaye a bakin ƙofa. Bronia ta zuba masa ido.

"Ɗan nan, kai ne mai mabuɗi. Faɗa musu ban sauka ba."

Leon ya kau da kai. Ta ɗauki jakarta da kanta, ta hana kowa taɓawa, ta miƙa hanya ba waiwaye.

Leon ya koma cikin motarsa ya kifa kai a sitiyari. Tunda tafiyar mai nisa ce, kuma yana tsoron kumfa ya tsaya a kori tsohuwa kafin ya dawo, safiyar da ya tashi, shi da kansa ya ninka sukarin da yake zubawa kullum a ɓoye.