Lilo Ɗaya

"Wannan adireshin ba zai karɓu ba, Yallaɓai," na ce, na mayar masa da takardar rajistar.

Shugaban ƙungiyar unguwarmu ne. Jiya ya fito daga kurkuku, inda aka ɗaure shi kan kyamarar da ya ɓoye a banɗakin mata. Yanzu hotonsa zai hau jerin masu laifin lalata, duk birni ya gani. Ni ke musu rajista.

"Gidana ne fa!"

"Doka ta hana 'yan jerin nan zama kusa da filin wasan yara. Ƙafa dubu ta ce, naka ɗari uku ne."

"Wane filin wasa? Lilo ɗaya a ciyawar da ba ta kai tabarma ba! Ba yaron da ya taɓa hawa!"

Gaskiyarsa. Ba don yara aka kafa shi ba, don a kori mutum tara 'yan jerin ne daga unguwar, suka koma ƙarƙashin gada. Shi ya auna tazarar da hannunsa, ranar buɗewa yana ta washe baki.

"To ina zan kwana?"

Na miƙa masa biro. "Rubuta sunan gadar. Maƙwabta duk sun san ka."